Zanen da Kawu Ya Kafa a Bango

9 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Tsinke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, in na zauna sai na dafa tebur nake tashi, likita kuma ya sauya mini tabarau ya ba ni mai kauri. Mahaifiyarki ta biyo ta shago ranar Laraba, tarin ya sake ta. Ita ta ba ni adireshinki, ta ce kin samu aiki a kamfanin da ke ƙera na'urar gem, ta wasan bidiyo, mai alamar tsuntsu, kina cikin masu gwada sabuwa kafin a fitar da ita. Sai da na sa ta maimaita. Shekara ashirin da shida ina kwance na'urorin mutanen nan ina share musu ƙura, ashe jinina ne zai shiga har ɗakin da ake haɗa su.

Na san akwai masu cewa zumuncinmu na nesa ne, wai kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne kawai. Su suka jiyo. A kan teburin nan kika fara riƙe sukuddireba, kuma ni na raɗa miki Tsinke, ba na jin kin yi ƙibar da za a sauya sunan. Kada ki tambaye ni abin da ya hana ni kiran waya. Maganar waya ana ajiyewa ta watse. Wasiƙa kuwa in karanta, in karanta wa masu zaman benci a ƙofar shago, in adana.

To ga abin da ke tafe da ni. Kin tuna Tela, maƙwabcina? Har yau yana nan, har yau kuma mutumin kamfanin masu alamar kifi ne, duk da bai taɓa cin wasa ko ɗaya da hannunsa ba. Tun da aka fara raɗe-raɗin sababbin na'urori ya hana ni sakat. Ya ce 'yan Kifi za su fito da tasu babu ramin saka faifai, komai sai dai a sauke ta intanet, kuma dole 'yan Tsuntsu su bi sahu ko a bar su a baya. Ya ce nan da shekara biyu sai dai in koma gyaran tocila.

Ni na ce ƙarya ne. 'Yan Tsuntsu sun san masu sayen kayansu, mutanen da ke musayar faifai da sayen na hannu, waɗanda intanet ɗinsu ke ɗaukewa rabin yini. Na ce za a ninka mata ƙwaƙwalwa, a ƙara girman fanka don zafi, amma faifai yana nan. A benci nake cika baki, amma ke ba zan ɓoye miki ba. Cikin na'ura goma da ake kawo mini, bakwai ciwon idon da ke karanta faifai ne ko injin da ke jan sa. In aka cire ramin nan, an cire ni.

Saboda haka ki faɗa mini kalma ɗaya. Akwai ko babu?

Naki,
Kawu Mai Dalma

3 ga Fabrairu

Kawu,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi sosai. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar, ka riƙa ɗora ta a kan kujera maimakon tsayuwar musu da Tela. Ni lafiya ƙalau, sai dai wuyan hannuna da ke ciwo da yamma. Ban yi ƙiba ba, sunan yana nan daram.

Aikin ba irin wanda kake zato ba ne. Mu goma sha huɗu ne a ɗaki marar taga, kowa da allonsa da akwati mai ruwan toka da aka ɗaure da sarƙa a ƙafar tebur. Da safe ana karɓar wayoyinmu a ƙofa. Jiya yini guda na yi ina kunna na'ura ina kashewa, sau ɗari uku da wani abu, don a ga ko za ta sandare. A karo na ɗari biyu da tara ta sandare, na rubuta rahoto, shugabar sashenmu ta ce madalla. Wannan madallar ta fi mini komai a satin nan.

Har yanzu a matsayin gwaji nake. Wata shida ne, zai cika ƙarshen Mayu. In na kai lafiya za a tabbatar da ni, in samu kwantiragi da ɗaki mai kyau, in daina kwana da fargabar Litinin. Mutum biyar aka ɗauka tare da ni, biyu za a riƙe. Shekara uku na yi ina aika takardun neman aiki kafin wannan ƙofar ta buɗe, ka san haka, Mama ma ta sani.

Game da tambayarka, ba zan iya faɗa ba, Kawu. Ranar farko aka ba mu takarda mai shafi tara muka sa hannu cewa ko launin akwatin ba za mu faɗa wa kowa ba, har iyayenmu. Kamfanonin nan biyu gadin juna suke yi, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara nuna hannu. An taɓa korar wani don ya ce wa direban tasi na'urar tana da nauyi. Ka ci gaba da musunka, ku yi ta hasashe, ai shi ne daɗin bencin. Kana iya karanta musu wannan, babu komai a cikinta.

Ka yi haƙuri da takardar. A kwandon takardun banza na ofis na tsinto ta na rubuta a lokacin hutun rana. Ka san wanda ya koya mini cewa ba a jefar da takardar da bayanta fari ne.

Ka gaida Tela.

'Yarka,
Tsinke

2 ga Maris

'Yata Tsinke,

Ina gaishe ki, ina fatan hannun ya yi sauƙi. Ki riƙa shafa masa man zafi. Gwiwa ta lafa, sai haƙori da ya taso, an cire shi ranar Asabar.

Gaskiya da na fara karanta wasiƙarki raina ya ɓaci. A gaban mutane na karanta, na zo wurin da kika ce ba za ki iya faɗa ba, Tela ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce 'yar taka ma ta san an gama da kai, tausayinka take ji. Na ninke takardar zan sa a aljihu, ya ce in ba shi ya ga rubutun da idonsa, kada a ce na tsallake wani layi. Ya karɓa, ya juya ta, sai na ga dariyar ta tsaya masa.

Tsinke, Allah ya yi miki albarka. Na ga zanen da ke bayan takardar. Akwatin a tsaye, fanka biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ga kuma ramin faifai a gefen dama, da kibiya da awonsa a rubuce. Sai na koma na sake karanta wasiƙar da hankali, na gane komai. Kin ce ba za ki iya faɗa ba, ba ki ce ba za ki iya nunawa ba. Kin kuma ja hankalina ga takardar da kanki, har kina tuna mini karatun da na koya miki. Wannan wayon a shagon nan kika koye shi.

Na ce wa Tela ya duba da kyau, wannan ramin na tocila ne? Ya ce ƙila tsohon zane ne. Na ce tsohon zane da fanka biyu, a ina ya taɓa gani? Yanzu lissafi ya fito fili. 'Yan Kifi za su fito da tasu ba faifai, mai araha, su yi zaton sun ci kasuwa. 'Yan Tsuntsu su bari sai sun gama shan tafi, sannan su ɗaga tasu su ce ku zo da duk tsofaffin faifanku. Rabin mutanen Kifi za su tsallako a wata guda, ki rubuta ki ajiye.

Takardar ta fara yin laushi saboda hannun mutane, don haka na kai aka rufe ta da leda, na kafa ta a bango sama da teburin aiki, zanen yana kallon waje. Kada ki damu, ban faɗi sunanki ga kowa ba.

Kawunki

20 ga Mayu

Tsinke,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko gaisuwar tawa tana isa ba. Lafiyata lau. Mahaifiyarki ma lafiya, ta ce kin sauya ɗaki kusa da wurin aiki, ita ta ba ni sabon adireshin. Ni ba a ga dama an sanar da ni ba.

Wata biyu da rabi ke nan ban ga rubutunki ba. Na yi ta ba ki uzuri, na ce aiki ne, na ce hannu ne. Yanzu uzurin ya ƙare mini. In kin ga kin girmi rubuta wa mai gyara da ke zaune cikin hayaƙin dalma, ki faɗa, ba zan mutu ba. Abin ya yi mini ciwo, don ina da labarin da ke ce farkon wadda ta cancanci ji.

Zanen nan ya zaga duniya. Wani mai kawo gyara ya ɗauke shi a waya, kafin sati ya fita aka ce yana kowane dandali na intanet, har masu sharhi na ƙasashen waje suna ta auna ramin da fanka suna faɗa da juna. Aka ce 'yan Kifi sun ɗage taron da za su yi, suna sake shawara. Ki ji fa, kamfani guda ya ja da baya saboda bangon shagona. Mutane suna zuwa daga wasu unguwanni don su gani da idonsu, wasu su bar gyara. Tela ya daina zama a benci in ina nan. Ranar Juma'a ya leƙo ya ce mini, "Mai Dalma, wannan karon ka ci." Shekara ashirin nake jiran wannan maganar daga bakinsa.

Na cika kanta biyu da idon faifai da injin ja, don in sabuwar ta fito kowa zai tono tsofaffin faifansa da tsohuwar na'urarsa. Mai aski na gefena zai tashi, na yi magana da mai ginin in haɗa shagonsa da nawa.

Ƙarshen wata ya kusa, na san za a tabbatar da ke. In an ba ki takardar ki tuna akwai wani tsoho a nan, ko layi biyu ne.

Kawu

8 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka, na ji kana lafiya. Hannuna ya warke sarai, tun da ba na aikin komai da shi.

An kore ni ranar goma sha biyu ga Mayu, saura kwana goma sha tara a tabbatar da ni.

Wasiƙarka ta Maris a tsohon gidan da na tashi ta kwanta, sai makon jiya mai gidan ya miƙo mini ita, ranar da ta Mayu ta iso. A tsaye na karanta su biyun a bakin ƙofa. Da ta farkon ta same ni a kan lokaci, da na kira ka na roƙe ka ka ƙona takardar. Ban sani ba ko da ka ji.

A watan Afrilu na ga hoton kamar kowa. An yanke shi, zanen kawai ake gani. A wurin cin abinci abokan aiki suna ta dariya suna tambayar wane wawa ne ya fitar da wannan, ni ma na taya su. Wata guda masu bincike suka yi kafin su samo cikakken hoton. Ranar suka kira ni wani ɗaki a hawa na sama, shugabar sashenmu da wani mutum daga ofishin lauyoyi. Ya turo mini hoton a kan tebur. Na ga bangonka, na ga ƙusar da kake rataye waya, na ga rubutunka da jan alƙalami a saman ledar: DAGA 'YARMU TA CIKI. Ka ce ba ka faɗi sunana ba. Ba sai ka faɗa ba. Duk takardar da firintar ofis ta fitar tana ɗauke da lambar ɗakin da ranar a ƙasa, kuma ta cikin ledar ana hango inuwar rubutuna. A ɗakinmu ni kaɗai ce ke rubutu da irin harshenmu.

Na faɗa musu gaskiya, cewa daga kwando na ɗauka, ban ko juya ta ba, wasiƙa na rubuta wa kawuna. Mutumin ya dube ni ya ce, "Me ya hana ki sayi takarda?" Shugabar tamu ba ta ɗago kai ba. A bakin lif ta ce mini sunana ne na farko a cikin biyun da ta riga ta miƙa don a tabbatar. Mai gadi ya karɓi katina, ya raka ni har titi da kofina a cikin leda.

Laifina ne da na ɗauki takardar, na yarda, kullum da shi nake tashi. Amma na rubuta maka da hannuna cewa ba zan iya faɗa ba, na gaya maka an kori mutum a kan maganar nauyi. Ka karanta wannan duka, ka zaɓi abin da kake so ka ji. Ba wayo na yi maka ba, Kawu. Babu wani saƙo. Kai ne ka so ka ci Tela, kuma ka ci shi.

Yanzu ina jera kaya a wani babban kanti. A layi na bakwai ake sayar da na'urorin gem, ni nake goge musu ƙura da safe. Mama ba ta sani ba tukuna. Wannan kam kada ka karanta wa kowa.

Tsinke

29 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki. Ba ni da lafiya sosai tun da wasiƙarki ta zo, abinci ba ya shiga. Ban karanta wa kowa ba. Na cire zanen daga bango, da aka tambaye ni na ce ledar ce ta tsage.

Ki yafe mini. Ban san takarda tana da lamba ba, a zamaninmu takarda takarda ce. Da na san zai kai ga haka, wallahi da na bar Tela ya yi ta dariyarsa har ya gaji. Sai dai ke ma da kin duba bayanta kafin ki rubuta, kuma da kin sanar da ni kin tashi. Ban faɗa don in wanke kaina ba. Mutanen nan kuma ba su da imani, yarinya ta yi musu wata biyar ba dare ba hutu, a kore ta kan takardar da su da kansu suka jefar. Ke mai ƙwaƙwalwa ce, 'yan Kifi ma za su so irinki.

Akwai abin da nake jin nauyin tambaya, amma ba ni da wanda zan tambaya sai ke. Kamfanin ya fitar da sanarwa cewa kada a dogara da hotunan da ke yawo. Tela ya dawo benci, ya fara murmushin nan nasa. Ni na ce ai dole su musa, haka ake yi. Amma mai ginin ya ba ni zuwa ƙarshen Yuli in sa hannu a kan shagon mai aski, shekara uku ba fita, kuma kayan da na cika kanta da su ba a mayarwa in Yulin ya wuce. Yanzu da ba kya wurinsu, ba abin da za su ƙara yi miki. In akwai abin da ya kamata in sani, ki faɗa mini kafin lokacin, ko a waya ne, zan ɗauka. In na ji shiru, zan ɗauka zanen gaskiya ne in sa hannu.

Kawunki da ke neman gafara

11 ga Agusta

Kawu,

Ina gaishe ka, ina fatan cin abincin ya dawo. Ni lafiya. Na faɗa wa Mama, ta yi kukanta ta share. Na nemi aiki wurin 'yan Kifi kamar yadda ka ce, da wasu ƙananan kamfanoni huɗu. Duk sun san labarin. Ɗaya ne kawai ya amsa, ya ce ba sa ɗaukar wanda aka taɓa kora a kan sirri.

Wasiƙarka ta iso ranar shida ga Yuli, a kan lokaci, ba ta kwana a ko'ina ba.

Jibi za a nuna na'urar ga duniya, don haka kafin wannan ta same ka ka riga ka gani. Babu ramin faifai. Babu fanka biyu. Babu sukuru ko ɗaya a jikinta, an manne ta ne gaba ɗaya, in ta lalace kamfani ake mayar wa su ba da wata. Tun watan Nuwamba aka yi watsi da zanen da ka kafa a bango, kafin ma a ɗauke ni aiki. Abin da ya kai shi kwandon ke nan, kuma abin da ya sa abokan aikina suke dariya ke nan. Tela ya faɗa maka tun ranar farko cewa tsohon zane ne.

Mama ta ce ka sa hannu a kan shagon, har ka fasa bangon tsakiya ka yi fenti.

Sati uku da kwana huɗu wasiƙarka ta yi a kan teburina kafin wa'adin ya cika. Kullum in na dawo daga kanti ina ganin ta. Na yi ta gaya wa kaina cewa hannun da na sa a takarda mai shafi tara ne ya hana ni, har yanzu tana aiki a kaina, wannan kuma gaskiya ne. Amma ba shi ba ne dalili, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Kalma ɗaya ce, na san ta, na san abin da za ta tsare maka. Na so ka ji a jikinka, shi ya sa na yi shiru.

Na zaci in ranar ta wuce zan ji sanyi a raina. Ban ji ba.

Tsinke